Simintin Bangon Arewa

Wendle Staithe, 3 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Rosalind,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. In kin ga rubutun ya karkace, a kwance nake yin sa, ko da yake a zaune ma haka malamai suka sallamo shi.

Na faɗo daga kan tsani. Kada ki bugo waya, idon sawu ne kawai, kuma kin san ƙararrawar coci ta cinye kunnuwan nan tuni. Ran Litinin na ɗauki guduma na hau bangon arewa na cocin. Shi ya shekara ɗari bakwai a tsaye, ni saba'in da huɗu, muka faɗo tare, shi gutsure, ni gaba ɗaya. Na sauka kan kabarin wani bawan Allah, bai ce uffan ba.

Dulcie Howlett ce ta tsince ni, ta zo canza furanni.

Ta ce, "Alwyn, me kake nema a sama?"

Na ce, "Hanyar aljanna nake leƙawa."

Ta ce, "Ai kuwa sun koro ka. Miƙo hannun, tsohon banza."

Ran Alhamis matar nan da ke zuwa duba ginin duk shekara biyar ta zo. Fasto ce ta kawo min labarin har gado. Wai magabata da dutsen ƙanƙara da farar ƙasa suka gina bangon, ruwa ya shiga ya fita abinsa. Sai wani mai wayo ya shafe bayansa da siminti, ruwan ya rasa mafita sai ta ciki. Kin tuna zanen Waliyyi Kirstofa da ke jikin bangon ta ciki, wanda kike tsoro kina ƙarama? Fuskarsa ta zube. Saura ƙafafu da kifayen kogin da yake ƙetarewa. Mai duba ginin ta buɗe littafin ayyukan coci, ta ga shekarar 1986 da sa hannun Percy, mijin Dulcie, Allah ya ji ƙansa.

Ni dai na gaji. Ki gaida yara.

Naki, Baba

Leeds, 8 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa da sauƙi. Ka riƙa ɗora ta kan matashi, kuma ka sha maganin, ba ka ajiye shi don baƙi ba.

Na karanta takardarka sau biyu. Ka ba ni labarin komai, ban da abin da ya kai ka kan tsani da guduma kwana uku kafin a zo duba gini.

Mama ta faɗa min a asibiti, a satinta na ƙarshe. Ta ce a waccan shekarar Percy yana kwance da ciwon baya, ya ce a jira shi a yi da farar ƙasa. Kai ka yi da siminti cikin kwana shida. Ta ce kada in tayar da zancen sai in ya tayar da kansa. To ya tashi.

Ba faɗa nake maka ba, aikin asibiti bai bar min ƙarfin faɗa ba. Amma Anti Dulcie ce ta riƙa kawo maka abinci wata uku bayan rasuwar Mama. Me ake cewa a gari?

'Yarka, Rosalind

Wendle Staithe, 17 ga Oktoba

Rosalind,

Na gaishe ki. Uwarki ta riƙe sirri shekara talatin, ta sauke shi a hannun wadda ta fi ta baki. Allah ya ji ƙanta duk da haka.

E, ni ne. Na hau ne in ɓamɓare shaidar kafin mai duba ginin ta zo. Bango mai tsawon taku ashirin, da guduma ɗaya. Kin ga amfanin barin makaranta da wuri.

Aikin farar ƙasa na masu haƙuri ne. Ka shafa kaɗan, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka jira, ka sake. Ga Bishop na zuwa ƙarshen wata, ga siminti a arha. Da Percy ya samu sauƙi ya dogara sanda ya zo, ya ɗora tafinsa kan bangon, ya daɗe. Sai ya ce, "Ya yi sumul, Alwyn." Ya shiga ya sa hannu a littafin, don shi ne mai kula da coci a lokacin. Bai ƙara ce min komai a kai ba har ya mutu.

Ga abin kunyar. Shekara da shekaru ana yabon Percy kan bangon nan ina jin haushi, aikina ne wani ke shan yabo. Yanzu da ake zaginsa sai na ji sanyi a raina. Mutumin da ya haife ki ke nan.

Kin tambayi abin da ake cewa. Clive mai kanti ya kawo min burodi, ya tsaya a ƙofa.

Ya ce, "Ashe Percy ma ɗan ha'inci ne? Waliyyi ya tsira daga masu fasa gumaka, ya tsira daga yaƙi biyu, sai ga Percy da cokalin gini."

Na ce, "A bar mamaci ya huta."

Ya ce, "Kai dai mutumin kirki ne, Alwyn."

Na karɓi burodin, na karɓi kirkin ma.

Kwamitin coci na shawarar cire allon tagullar da aka manna da sunan Percy a bakin ƙofa. Lahadi biyu ke nan Dulcie ba ta je ba. Furannin sun bushe a tulu, ba wanda ya iya taɓa su. Mu goma sha ɗaya muka rage a ɗakin da aka gina wa mutum ɗari uku, yanzu goma, ni kuma ina kwance, tara.

Kin ga, in na faɗa, da wane ido zan dubi Dulcie? In ban faɗa ba, ita da wane ido za ta dubi gari? Na juya shi ta ko'ina, kamar ƙafar nan, ba inda ba ya ciwo.

Naki, Baba

Wendle Staithe, 25 ga Oktoba

'Yata,

Ina gaisuwa. Katinki ya iso, layi ɗaya tal, wai in faɗi gaskiya. Na gane.

Na faɗa wa Fasto. Wannan mai sauƙi ne, aikinta ke nan, ta ji waɗanda suka fi nawa. Ta ce za a bar allon a wurinsa, kuma za ta sanar da kwamiti ran Juma'a. Na roƙe ta kada kowa ya riga ni zuwa wurin Dulcie.

Na aika mata takarda cewa ina da magana. Ta amsa cewa in zo shan shayi ran Laraba ƙarfe huɗu, za ta toya min kek ɗin lemon da nake so, wai ni kaɗai ne ban juya mata baya ba.

Zan je. Ki yi min addu'a in gama maganar kafin ta yanka kek ɗin.

Naki, Baba