Gidanmu Ya Zaga Duniya, Kai Ba Ka Leƙo Ba

Zuwa ga Yayana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maryam da yara, da aiki, da sanyin ƙasar da kuke. Mu nan Agege sai godiya. Damina ta kankama, kwatocin layinmu sun cika sun tumbatsa kamar yadda ka san su. Ƙanwarka ce Zulai.

Kada ka ga na rubuto maka a bainar jama'a ka ce na tona maka asiri. Na gaji da tura maka dogon saƙo ta waya kana maido mini da hoton hannu biyu na addu'a. Amma na lura, a shafinka ko wani Bature ne ya ce zanenka ya yi kyau, sai ka amsa masa da layi uku har da godiya. To, ga ni na biyo layin Turawa. Maganar mahaifiyarmu ce ta kawo ni. Mantuwa ta fara cin Iya, Yaya, kuma so nake ka zo ta gan ka tun tana iya gane ka.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe da ka kwana a gidan nan? Ka zo da kyamara mai dogon baki, ka ce akwai wani babban taro a Turai inda masu zanen gine-gine na ƙasashen duniya suke haɗuwa, kowa ya baje aikinsa. Ka ce kai ba dogon bene za ka kai musu ba, gidanmu za ka kai, wanda marigayi Baba ya gina ɗaki bayan ɗaki da ribar goro. Dariya muka yi maka. Wa zai biya kuɗin jirgi don ya kalli tsakar gidan da awaki suka raina?

Ana idar da sallar asuba ka tashe mu, wai hasken safiya kake so. Ka sa muka kwashe bokitai, muka kwance igiyar shanya, muka tura turmi bayan ɗaki, har silifas ɗin yaran 'yan haya sai da aka tsince. Maman Tunde, Bayarabiyar da ta fi shekara ashirin tana haya a ɗakin kusa da rijiya, ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ikon Allah. Da Hausarta ta Agege ta ce gida babu mutum ai maƙabarta ne.

Saura Iya. Tana zaune a wurinta na kullum, gindin bishiyar furut mai faffaɗan ganyen nan, tana tsintar wake. Ka durƙusa ka roƙe ta ta ɗan shiga ɗaki na minti kaɗan. Ta miƙe da farantinta tana dariya, ta ce, "Yau kuma ni ce shara a gidan mijina." Ba ta ji haushi ba, wallahi. Ina ganinta ta bayan labule tana leƙenka, bakinta ya ƙi rufuwa don alfahari.

Da aka yi taron ka turo mana bidiyon. Na zauna kusa da ita zan kunna, ta ce in dakata. Ta tashi ta ɗauko mayafinta mai kyau ta yafa, wai ɗakin cike yake da maza baƙi. Na ce Iya, su fa ba sa ganinki. Ta ce ita ai tana ganinsu.

Ba ta jin Turanci, ka sani. Kunne kawai ta kasa tana jiran kalmar da ta sani. Da ka ce Agege, ta dafa ƙirji. Da ka ce zaure a gaban wannan taro, ga hoton zauren Baba ya cika bango guda, sai ta tafa hannu ta ce, "Ya faɗa musu!" Ni ce tafinta. Na ce mata kana bayanin yadda iska take shiga ta zaure ta zaga ɗakuna ba tare da fanka ba, da yadda Bahaushe da Bayarabe suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Na ce mata ka ce a tsakar gidanmu ba a taɓa barin mutum ya ci abinci shi kaɗai ba. Ta gyaɗa kai, ta ce gaskiya ka faɗa. Sannan ta tambaya ko ana ba ku abinci a wurin, don ta ga ka rame.

Ni ma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Babu malamar da ban nuna wa bidiyon nan ba a makarantar da nake koyarwa, har sai da suka fara guduna a ofis.

Daga nan ƙofa ta buɗe maka. Bana kana wannan birni, baɗi kana wancan. Don yawan kallo har na haddace yadda tarukanku suke. Kowa da kati rataye a wuya, ga ƙananan gidaje na kwali a cikin akwatin gilashi, ga manya-manyan mutane a tsaye suna shan shayi a ɗan mitsitsin kofi kamar an hana su kujera. Wannan ya nuna makarantar da ya gina da laka, wancan ya nuna masallacin da ya zana a bakin teku, a tafa, a yi tambayoyi, a ɗauki hoto. Abin sha'awa ne, ban raina ba. Kuma duk inda ka je, tsakar gidanmu tana biye da kai a bango, fes, babu kowa a ciki.

To albishirinka, Yaya. Yanzu ba sai an kwashe komai ba. Maman Tunde ta koma wajen ɗanta a Ikorodu. Iyalan da ka sani duk sun watse. Waɗanda suke ɗakunan yanzu samari ne 'yan ci-rani, masu okada da masu gadi, su fita tun da duhu, ba ka sake jin motsinsu. Mutanen kirki ne, suna gaishe mu, amma ba mai zama a tsakar gida. Tun da Allah Ya yi wa maigidana rasuwa na dawo, daga ni sai Iya. In na ba ta abinci ta ƙoshi ta kwanta, sai in ɗauki kwanona in zauna bakin rijiya in ci ni kaɗai. Wani lokaci ina ci ina tuna abin da ka faɗa wa Turawa, sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Kaɗaici yana damuna, Yaya. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa.

Abin ya fara mata ne da kaɗan-kaɗan. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta idar da la'asar ta sake tayar da ita. Rannan ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwa, mutumin da ya shekara goma sha a ƙasa. Ni kaina wani lokaci da sunan ƙanwarta Asabe take kirana, in amsa, don me zan ce? Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Amma sunanka ta riƙe shi gam. Duk namijin da ya yi sallama a zaure, ko mai ruwa ne, sai ta ɗaga kai ta ce, "Nuhu ne?"

Shi ya sa ranar da ka bugo ka ce taronku na wannan karon a Legas za a yi, can tsallaken gada, na rasa inda zan sa kaina don murna. Ka ce har an ware rana guda da mahalarta za su zo su ga gidan da idonsu, kai za ka jagorance su. Da na faɗa wa Iya, wallahi sai ka ce an kunna fitila a kanta. Satin nan babu abin da ta manta. Ta tuna ba ka son daddawa ta yi yawa a miyar taushe. Ta tuna masa mai ɗan tsami kake so. Ta aike ni wajen mahauta, ta ce in ce musu naman ɗanta ne, kada su ba ni jijiya. Ta sa aka share ɗakinka aka turara shi, ta sa na ƙunsa mata lalle.

Ranar, motar baƙin ta kasa shiga layinmu, sai a bakin titin jirgi ta tsaya, suka tako da ƙafa suna tsallake kwata. Na fito wa Iya da kujera ƙofar zaure. Ga Turawa, ga Larabawa, ga Indiyawa, ga baƙaƙe 'yan'uwanmu na wasu ƙasashe, kowa da hula da kyamara, yaran unguwa na biye da su suna ihun oyinbo, wato Bature. Iya tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Har na ƙarshe ya shige, ba ta daina kallon bakin layi ba.

Wata budurwa mai kati a wuya ce ta ja ni gefe. Ta ce Oga Nuhu yana ba da haƙuri, an roƙe shi ya shugabanci wani zama da ba a shirya ba, amma gobe tun da safe yana nan tafe. Na tsaya da murmushi a fuskata kamar wawiya. Da na raɗa wa Iya, sai ta ce, "Baƙonka annabinka. Zuba musu."

Su suka cinye masarka, Yaya. Har suna neman ƙari.

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun san darajar abin da suka zo gani. Suna shafa bango, suna leƙa rijiya, wani dogo har kwanciya ya yi a ƙasa don ya ɗauki sararin sama ta tsakanin rufin ɗakuna. Babu wanda ya ce Iya ta matsa. Wata tsohuwa mai farin gashi, ban san ƙasarsu ba, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita a gindin furut, ta riƙe hannunta tana duba lallen. Wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin Turanci, amma sun fi rabin awa a haka. Na ji Iya tana ba ta labarin yadda ka faɗa rijiyar nan kana shekara biyar, Baba ya shiga ya ciro ka. Matar tana ta gyaɗa kai. Da za su tafi na ga tana share ido.

Washegari ka bugo daga cikin gosulo a kan gada. Daga baya ka sake bugowa daga filin jirgi, ka ce lokaci ya ƙure. Filin jirgin Ikeja fa, Yaya! Daga can zuwa ƙofar gidanmu, bas ɗin danfo ɗaya ne da keke napep ɗaya. Wani direba ya kawo tsarabarka, na'urar awon jini da bargo mai laushi. Iya dai ta ce in rufe sauran miyar, kada ka zo ka tarar ta yi sanyi.

Ban ce ba ka yi mana komai ba, kada Allah Ya kama ni. Maganinta bai taɓa yankewa ba, kai ne. Rufin da ya yi yoyo, kai ka gyara. Na san akwai aiki, akwai makarantar yara, na san tafiya ba wasa ba ce. Amma zumunci a ƙafa yake, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni da nake masifar nan, kewarka nake yi. Ina kewar wanda zan yi wa tsiya ya rama, wanda in na ce "ka tuna" zai ce ya tuna. Duk duniya mu biyu muka rage da muka san gidan nan lokacin da yake cike.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Tun bayan tafiyar baƙin, Iya ta daina tambaya in an yi sallama. Na ɗauka fushi ne, na ce zai wuce. Sai ranar Juma'ar da ta wuce da ka bugo na miƙa mata waya. Ka ji yadda ta gaishe ka: "Sannu Malam, ya iyali, ya aiki? Madalla, mun gode." Ka yi dariya, ka ce mini Iya ta iya horo, wato yau kai ne Malam. Na bar ka a haka.

Ba horo ba ne, Yaya. Da ka kashe, ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan bawan Allah akwai ladabi. Ɗan gidan wa ne? Muryarsa kamar ta babanku." Na ce Iya, Nuhu ne fa, Nuhunki. Ta dube ni kamar na faɗi abin dariya, ta ce Nuhu ai bai taso daga makaranta ba tukuna.

Akwai safiyar da take tashi garau, ta san ni, ta san kowa. Irin waɗannan safiyoyi suna raguwa. Ban san ko za ka dace da ɗaya ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma ka zo. Kada ka jira sai wani taro ya biyo da kai. Ka zo ka zauna kusa da ita kwana biyu, ka ci abinci tare da ni. In ta gane ka, alhamdulillahi. In ba ta gane ka ba, za ta karɓe ka a matsayin baƙo, kuma ka san ba ta taɓa barin baƙo ya tashi da yunwa ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sassauta wa Iya, Ya bar mata kalmar shahada a bakinta ko da komai ya tafi. Allah Ya ƙara ɗaukaka aikinka, Ya tsare ka a duk ƙasar da ka sa ƙafa, Ya kuma juyo da ƙafar nan gida tun da sauran lokaci. Amin.

Ka gaida Anti Maryam, ka shafa mini kan yara.

Taka har kullum, mai jiran sallamarka a zaure,
Zulai
Agege, Legas