Keken Bakari da Dutsen Abtuyur

Habbena, Njamena
Satumba 2023

Zuwa ga 'yata Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Abdussamad da yara. Yaya Garwa, yaya ruwa? Mu nan damina ta yi mana yawa, layinmu ya zama taɓo, sai mai klando, wato ɗan acaɓa, mai ƙarfin hali ke shigowa.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya da kin ji muryata sai ki fara kuka, ni ma in fara, magana ta lalace. Kin san babanku ya daɗe yana kukan ido. A watan jiya mun je wurin likita. Ya ce ba yana ba ce da za a kankare. Ciwo ne mai cin jijiyar ido daga gefe, sannu a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ba shi maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce rage wa ciwon gudu kawai zai yi. Yanzu yana ganin abin da ke gabansa sarai, amma in na tsaya a gefensa da shayi, sai na yi magana yake sanin ina nan.

Na zaci zai zauna ya yi jinya. Ina! Washegari ya jawo keken nan nasa mai kai kamar ƙahon rago, wanda ya saya a hannun Bafaranshen malamin nan, ya yi shekaru yana zuwa aiki a mayankar Farsha a kansa. Ya kai shi wurin Harun mai gyara a kasuwar Dembe. An cire siraran tayoyin an sa masu faɗi, an sake sarƙa da birki, an ɗaura kariyar ɗaukar kaya gaba da baya, an ƙara masa giya mai sauƙi ta hawan tudu. Na tambaye shi wane tudu ne a Njamena, garin da yake shimfiɗe kamar tabarma.

Sai ya ce yankin Gera zai je. Wai yana yaro ya bi kakanku fataucin shanu har Bitkin, ya ga dutsen Abtuyur, kuma yana so ya sake ganinsa kafin ƙofa ta rufe. Na ce ga mota. Ya ce mai ido irin nasa ba abin da zai kama ta tagar mota, komai wucewa yake yi. A keke ne zai tsaya inda ya ga dama, ya juya kansa.

Ni'imatu, mutumin da ba ya ganin gefensa, a kan hanyar da manyan motoci ke bi! Ki kira shi. Yana jin maganarki fiye da tawa.

Ki gaishe da surukarki.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya

Habbena, Njamena
Nuwamba 2023

'Yata Ni'imatu,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin ƙaramin, zazzaɓin ya sauka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu lafiya lau, ruwa ya janye daga layi.

Na san kin kira shi, na kuma san abin da ya gaya miki, don ina zaune ya yi ta dariya yana ce miki kada ki damu. Da na ga haka, ranar da ya fita masallaci sai na cire ƙafar keken ta gaba, na kai ta gidan Dije maƙwabciyarmu. Ya dawo ya tarar da keken durƙushe. Na shirya wa faɗa, amma ko tambayata bai yi ba. Ya ɗauki kujera ya zauna gindin dalbejiya, yana kallon ganye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haddace su. Haka ya wuni, haka ya sake wuni. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin Bakari zaune hannu rabbana ba. A rana ta uku na je na karɓo ƙafar da kaina.

Na gindaya masa sharaɗi: ba zai tafi shi kaɗai ba. Baffanki Tahir mahauci, amininsa tun ƙuruciya, ya bar wa ɗansa teburin nama ya ce zai raka shi a babur. Suka shirya cewa Tahir zai riƙa tafiya a gaba a hankali sanye da farar jallabiya, babanku yana bin bayansa. Jakunkunan kariya ni na ɗinka su da tampol, na yi wa maganin ido aljihu dabam, na ce a riƙa naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi. Na soya nama, na daka yaji, na cika masa jaka da dabino.

Sun tashi ranar Asabar bayan asuba. Na tsaya bakin ƙofa, ya wuce ta gabana yana ɗaga hannu, amma wajen da ba na nan yake ɗaga wa.

Kullum in sun sauka yana kirana. Sun kwana Masaget, sun wuce Ngura. Muryarsa ta koma ta saurayi. Yana ba ni labarin gero da aka girbe, da garken raƙuma da suka tsaya musu a hanya, da wata tsohuwa Balarabiya da ta ba su nono ta ƙi karɓar komai. Ya ce gwiwoyinsa na ciwo, sirdin ya gurje shi, amma bai taɓa jin daɗin barci haka ba. Ina jin haushinsa, ina kuma jiran kiran tun la'asar. Ban san yadda zan kwatanta miki ba.

Ki sa shi a addu'a.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya

Habbena, Njamena
Disamba 2023

'Yata Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na gode da zumar da kika aiko, ta iso.

Na gaya miki a waya cewa sun dawo, ya ɗan ji ciwo a hannu. Ga sauran.

Sun wuce Bokoro, saura kaɗan su shiga Bitkin, amalanken jaki ya fito daga gona ta hagunsa. Tahir ya wuce, babanku kuwa idonsa na kan farar jallabiya, bai ga komai ba sai da ya ji shi a ƙasa. Hannunsa ya karye, kansa ya bugu da bakin kwalta, ƙafar keken ta gaba ta naɗe. Mai amalanken, bawan Allah, shi ya ɗauke shi tare da keken har asibitin garin, yana ta kuka. Babanku ne ma yake ba shi haƙuri.

Da aka ɗaure hannun, Tahir ya ce su nemi mota su juyo. Babanku ya ce ba zai zo ƙofar gida ya koma bai yi sallama ba. Sai Tahir ya goya shi a babur har gindin dutsen. Ya ce mini sun isa da hantsi, sarari garau, dutsen nan ya tokare sama. Babanku ya sauka ya tsaya, yana juya kai dama da hagu. Can sai ya ce, "Tahir, ina ƙolin yake?" Tahir ya kama kansa da hannu biyu ya ɗaga masa shi, ya riƙe. Sun daɗe a haka. Tahir yana ba ni labarin nan a zaure, ƙaton mutum mai kayar da sa, ya kasa ƙarasawa.

Na tambayi babanku ko ya gani. Ya ce ya ga abin da ya samu. Ban sake tambaya ba.

Mun koma wurin likita. Idon hagu ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, shi ma da hazo. Na tambaye shi ko faɗuwar ce ta jawo, ko tafiyar, ko da ya zauna gida da ba haka ba. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Da wannan nake kwana nake tashi, don ni na ɗinka jakunkunan.

Harun ya miƙe ƙafar keken ya kawo shi har gida. Babanku ya shafa shi daga kai har kariya, ya yaba aikin. Bayan kwana biyu ya yi tuntuɓe da feda a tsakar gida ya fasa ƙwauri, sai ya ce in kawar da shi daga hanya. Yana ɗakin ajiya yanzu. Babanku ba ya ƙorafi. Yana cin abinci, Tahir na zuwa ya riƙe hannunsa zuwa masallaci. Jiya ne kawai na same shi yana riƙe da hotonku dab da hancinsa, yana motsa shi sama da ƙasa, ya tambaye ni wace ce ke a ciki.

Kin ce za ku zo hutun ƙarshen shekarar makaranta. Kada ki jira. Ki roƙi Abdussamad, ki ɗauko yaran ku taho cikin watan nan, ko kwana kaɗan ne. In kun iso, ku shigo da rana, kada ki tsaya a inuwa. Ki zo gabansa sosai, ki durƙusa daidai fuskarsa, kada ki yi saurin tashi. Ki sa jan mayafi, na lura ja yake fi kamawa.

Ina jiranku.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya