Jakar da Khala Saudat Ta Bari a Utaibiyya

Utaibiyya, Makka
3 ga Rajab

Assalamu alaikum ya Khala Saudat,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da iyali da mutanen Zariya duka. Ba ki san ni ba, amma don Allah kar ki goge saƙon nan ki ce 'yan damfara ne. Sunana Afnan, autar Malam Dawuda, mai gidan da kika sauka a Hajjin 1992. Lokacin ko haifata ba a yi ba. Ki yi haƙuri da Hausata, ta cikin gida ce, rabinta Larabci.

Khala (haka muke ce wa inna a nan), kin bar wa Babana wata jaka ruwan ƙasa mai ɗinkakken baki, kin ce amana ce za ki aiko a karɓa. Kin san yadda ake a nan: in alhaji ya bar amana, ba a buɗewa, ba a bayarwa, ba a yarwa. Duk sauran masu ajiya sun zo sun ɗauki nasu, taki ce ta rage. Ƙarshen watan nan za mu koma unguwar Rusaifa, don Baba ba ya iya hawan tudun unguwarmu tun da ya yi ciwon zuciya. Yayana Bandar ya kwashe kaya kaf, amma Baba ya ce ba zai shiga sabon gida da kayan wata a wuyansa ba, kuma ba zai mutu ya bar mana ba. Barci ma ya ƙi masa. Jakar na nan gefen katifarsa kamar jaririya.

To ga laifina. Na farke ta ranar da ya je asibiti, na sake ɗinkewa. Adireshi nake nema, wallah. Na ga katin aikin jinya da sunanki, da shi na yi kwana uku a Fesbuk har wata tsohuwar ɗalibarki ta ba ni lambarki. Sauran kayan kuwa kaset shida ne, da ambulan cike da tikiti, da hoton wata mai gashi kamar laima tsaye cikin mutum bakwai. Ke ce? A baya an rubuta Marlow Seven. Na bincika ko'ina, bidiyo ɗaya tak na samu, mutum ɗari biyu suka kalla, rabi ma ina jin ni ce.

Baba bai sani ba. Ya za mu yi ki karɓi kayanki?

'Yarki,
Afnan

*

Tudun Wada, Zariya
7 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Afnan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi wa Malam Dawuda sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da hannu nake rubutu in ɗauki hotonsa in turo, yatsuna ba su saba da waya ba.

Ba ki kyauta ba da kika buɗe, amma na fi ki laifi. Ni ce a hoton. Birmingham ke nan, 1982, ina karatun jinya, mijina marigayi Abdulbaƙi yana na injiniya. Bakwai ɗin nan makaɗa ne, biyar 'ya'yan mutanen Jamaika haifaffun can, biyu Turawa. Irin kiɗansu ana ce masa sol da fank. Duk Lahadi bayan azahar suna wasa a wani zauren ma'aikata da bai fi ɗakin marasa lafiya girma ba. Idan mai jita mai kaurin murya ya taɓa igiya, haƙarƙarinki ne zai fara ji kafin kunnenki. Daɓen katako ne, yana lotsawa ƙarƙashin mutum ɗari uku. Masu busa uku kan shigo tare, sai ki ji kamar an yaye labule rana ta faɗo ɗaki. Mawaƙiyarsu, Yvonne, 'yar ƙaramar mace, takan ajiye makirufo ta rera da bakinta kawai, na can bakin ƙofa yana jin numfashinta. Na je Landan na ga waɗanda ake ji da su, ba su kama ƙafar waɗannan ba. Amma faifai ɗaya suka yi, gidajen rediyo suka ƙi sawa, suka watse. Mai gangar ya koma tuƙin bas. Na taɓa shiga motarsa, ya gane ni, ya kaɗa mini a kan sitiyari har muka isa asibiti.

Abdulbaƙi ya rasu a 1991. Na kasa jin kaset ɗin, na kuma kasa ganinsu a ɗaki. Na zo da su Hajji da niyyar yarwa. A Muzdalifa na ɗauki alkawarin yar da su, da muka dawo masauki hannuna ya ƙi. Sai na ce da mahaifinki amana ce, don na ga irin mutumin da yake. Ban taɓa niyyar aikowa ba. Na ɗora wa bawan Allah kaya na yi tafiyata.

Ki roƙe shi ya yafe mini. Na sauke masa. A zubar.

Wassalam,
Hajiya Saudat

*

Utaibiyya
11 ga Rajab

Salam ya Khala, ina kwana, ya sanyin Zariya? Na duba a waya na ga kuna shan shi.

Na karanta wa Baba wasiƙarki, na tsallake wurin laifina. Sai ya ce, "Zarenta baƙi ne, Afnan. Ke kin mayar da fari." Khala, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce ya yafe miki, ni kuma tukuna. Amma zubarwa, sam. Wai da hannu ta shigo, da hannu za ta fita, kuma wadda ke son a zubar da abu ba ta yi masa ɗinki biyu. Bandar ya yi magana har ya gaji, ya ce, "Ya Abuya, mai kaya ta ce khalas, magana ta ƙare, kai kuma ka zama lauyan jaka?" Baba ko kallonsa bai yi ba.

Tun da an riga an kama ni, sai na ƙarasa laifin. Na je kasuwar 'yan gwanjo na sayo rikoda, mai sayarwa yana tambayata ko gidan tarihi zan buɗe. Na sa a kicin bayan la'asar.

Khala, ni fa kullum waya na kunnena, na ɗauka babu irin kiɗan da ban ji ba. Na tsaya da ludayi a hannu har miya ta kama. Abin da kika ce na haƙarƙari gaskiya ne, a 'yar rikodar nan ma sai da na ji shi a ƙirji. Ga ƙafafu suna dukan katako kamar ruwan sama. Da Yvonne ta ajiye makirufo na gane wurin, don kowa ya yi tsit. Ya za a ce mutanen nan sun yi wannan a duniya kuma babu wanda ya san su? Na kasa ganewa, ya'ni har haushi na ji.

Sai ga Baba a ƙofar kicin da sandarsa. Ya ce, "Rage." Na kashe. Ya ce, "Ragewa na ce." Ya jawo kujera.

Yanzu ki zauna, Khala. Kaset na huɗu, kamar na farko, ba faifai ba ne, wani ne ya ɗauka a cikin zauren. Ana tsakiyar kiɗa sai wani namiji ya yi magana dab da rikodar, da Hausa. Ya ce, "Sa-Saude, riƙe min, rawa zan yi." Wata ta yi dariya ta ce, "Kai da ba ka iya ba." Ya ce, "Yau zan iya."

Baba ya miƙa hannu ya kashe da kansa. Ya ce, "Wannan ba namu ba ne." Ya dube ni ya ce, "Shi za ki zuba a shara?"

Na ɗauka a wayata amma ban turo ba. In turo?

'Yarki mai laifi,
Afnan

*

Zariya
12 ga Rajab

Afnan,

Gaisuwa gare ki da Malam. Kar ki turo, ki goge na wayarki. Ba ni da muryarsa a ko'ina, ban san tana ciki ba. Ba zan fara jin ta a cikin wayar da ake turo mini tallan magani ba. Ƙanwata Hadijatu ta tafi Umra, yanzu tana Madina, za su iso Makka ranar Alhamis. Na ba ta lambarki. Malam ya yi gaskiya, a ba ta a hannu.

Saudat

*

Rusaifa
29 ga Rajab

Salam ya Khala, daga sabon gida nake gaishe ki.

Khala Hadijatu ta zo. Baba ya sa farar riga da turare kamar Juma'a, ya sa na sake ɗinkewa da baƙin zare yana tsaye a kaina, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce Bandar ya shaida. Tana fita ya kwanta, daga azahar sai da muka tashe shi sallar la'asar. Washegari shi ya fara shiga mota. Na goge na wayata kamar yadda kika ce, amma jiya na ji Baba yana kaɗa yatsu a kan sandarsa, na san kuma daga ina ya samo. Na sa miki rikodar a kayan, da batir.

Ta iso? Kin ji?

Afnan

*

Zariya
9 ga Sha'aban

'Yata Afnan,

Ina gaida ku. Ki ce da Malam ta iso, Allah ya saka masa da abin da ban iya ba. Na ji, sau ɗaya. Na manta yana in'ina a sunana. Kuma ranar ma bai iya rawar ba.

Maƙwabcinmu zai zo Umrar azumi, zan ba shi kaset na biyu ya kawo miki, shi ya fi daɗi. Ki gaya wa mahaifinki tun daga bakin ƙofa cewa kyauta ce, kar ya kai ta gefen katifa.

Uwarki,
Saudat