Yadda Na Zama Mai Jego a Birni

Da sunan Allah mai rahama. Daga ƙaninki Gambo a Damagaram zuwa ga Yaya Balki a Kano. Gaisuwa mai yawa, Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau a Tirmini, ɗana Mala ya dawo daga dakon kayan Nasara da ƙafafunsa biyu, 'yata Ramlatu tana ɗakin mijinta lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san malam ya riga ni gajiya da allona. Ki nemi mai riƙe baki ya karanta miki.

Fatake za su kawo miki labari wai matata, uwar Mala, ta haihu. Kada ki sayi zanen goyo. Abin da ya faru, wani ƙurji ne ya fito mata a gefen gabanta, ta ɓoye har ya kai ƙwan kaza. Ba zama, tafiya sai da bango, ga zazzaɓi. Ni kuwa da basirata na ɗauka fushi take da ni, ina ta ba da haƙuri a kan laifin da ban sani ba. Sai da Lami ungozoma ta duba, ta ce wata 'yar hanyar danshi ce ta toshe ta tara mugunya, yana samun mata da yawa. Ta ce a riƙa zaunar da ita cikin ruwan ɗumi safe da yamma, in bai fashe ba sai lokotoro, likitan soja, ya tsaga. Uwar Mala ta ce gara kabari da namiji ya gan ta. Yaya, ranar ban yi wa kowa wasa ba.

Na jibge itace, muka ɗora babbar tukunya. Maƙwabta suka ga hayaƙi safe da yamma, ga matar gida ba ta fitowa, suka ce ai wankan jego ne. Mata suka cika zaure da barka, mahauci yana tambayar ragon suna, tsofaffin masallaci suna duba furfurata suna jinjina mini. Na so in ɗan more yabon, sai na tarar da ita tana kuka, wai a kashe wutar, in aka gane abin da ke damunta ba ta ƙara fita Birni.

Kashe wuta kuwa ba zai yiwu ba. Sai na fita ƙofar gida na shaida wa jama'a ruwan nawa ne, basir ya tasa ni gaba. Daga nan dole na riƙa zuwa masallaci ina tale ƙafa ina nishi. Aka ci gaba da dafa ruwa, Allah ya sa ƙurjin ya fashe da kansa, zazzaɓi ya sauka. Jiya ta zauna daram a tabarma ta cinye tuwo, tana kallon tafiyata tana dariya har da hawaye.

Yanzu sunana Gambo mai jego. Tsofaffi suna aiko mini kunun kanwa don tsiya, ni kuwa shanyewa nake, har na fara ƙiba. In an tambaye ki, ki ce ciwon nawa ne, kuma ina samun sauƙi.

Ki gaishe da Malam Tahiru da Hauwa'u da yara duka. Uwar Mala tana gaishe ki, daga zaune. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Gambo