Na Je Lambarene, Ban Gane Kabarin Inna Ba

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Assalamu alaiki. Na san ba za ki karanta wannan ba, kuma kin san ni ba mai rubuta wasiƙa ba ne. Amma tun da na dawo abin yake cina, ba ni da wanda zan faɗa wa a nan kasuwar Mont-Bouët ban ji kunya ba.

Na je Lambarene. E, ni ɗin nan. Na rufe kanti kwana uku.

Shekara nawa kika yi kina roƙona? Duk bayan Sallah sai ki ce mu je in ga garin da aka haife ki, mu ziyarci kabarin Innarki, ki nuna mini tabkunan da kike ba yara labari. Ni kuma in ce kanti ba ya rufuwa. Da jaka ɗaya na sauka ƙasar nan, ba wanda ya ɗora ni, har bugun ƙirji nake cewa ƙofata ba ta wuni a kulle sai ranar Idi. A asibiti kika sake roƙona, muryarki da ƙyar take fita, na ce to.

Mun hau mota a tashar PK8 ni da autarki Zainabu. Hanya ta karya mini ƙugu, jandarmomi suna ta juya katina na izinin zama kamar jiya na zo. Ban damu ba. Na ɗauka zan sauka, a nuna mini maƙabartar Musulmi, in yi addu'a, in juyo.

Rabi, ban gane kabarin ba. Kin san mu ba ma rubuta suna, dattawa ke riƙewa a ka. A gida ƙasarmu ko fasasshiyar tukunya aka kifa, sai ta yi shekaru tana nan. A Lambarene kuwa ruwa ba ya ɗagawa, daji ya cinye tsohon ɓangaren, ciyawa ta fi ni tsawo. Dattijon da ya yi wa Inna sallah ya rasu bara waccan, limamin yanzu bai san zamanin ba. Na ari adda, ni da ban taɓa noma ba, na yi ta sara har tafina ya yi bororo. Me ya sa ba ki kwatanta mini ba? A'a, kin kwatanta. Kin ce gindin mangwaro, hankalina yana kan kayan da suka maƙale a tashar jirgi. Mangwaro bakwai ne a wurin. Na tsaya a tsakiya na yi wa kowa addu'a, amma ba abin da na yi miki alkawari ke nan ba.

Washegari Zainabu ta matsa sai mun shiga kwalekwale. Muka bi kogin Ogooué har ya buɗe ya zama tabki, ba ka ganin ƙarshensa. Ga kwasakwasa a kan itatuwa, ga dorina ta ɗago kai tana huci, daidai yadda kike kwaikwaya wa yara ina ce miki tatsuniya ce. Wallahi haushi na ji. Da wurin ba shi da kyau, da na ce ban hana ki komai ba.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Na dawo na buɗe kanti, ba abin da ya faru. Kasuwa tana ci yadda take ci. Maƙwabcina ya ɗauka mura ce ta kwantar da ni. Kwana uku ne kawai, Rabi. Su na hana ki shekara ashirin da wani abu.

Ranar Juma'a na kwashi yaran duka muka je wurinki. Na tsayar da su a bakin ƙofar maƙabarta, na sa kowa ya taka shi kaɗai har ya gane naki. Zainabu ta ɓata sau ɗaya, na ce ta koma ta sake.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki da na Inna, Shi ai Ya san inda take.

Mijinki mai taurin kai,
Alhaji Sabo