Dami Biyu a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga mai girma alƙalin da zai saurari maganar riƙon ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ni ce Rakiya, mai noman albasa a fadamar Tama. Na rubuto a fili ne don na san halina: ranar zaman shari'a, in na ga tsohon mijina Illiyasu, zuciya za ta ɗebe ni in kasa magana.

Ɗana ɗan fari ne, ban taɓa faɗin sunansa a bainar jama'a ba. Yau dole ta sa: Nasiru, shekararsa takwas.

Na ɗaya. Ina da cikin Nasiru Illiyasu ya tafi biɗar kuɗi Abijan, daga can ya aiko da saki. Ragon suna ma mahaifina ne ya yanka. Tun daga ranar, ko sabulu bai aiko ba. Da ƙyanda ta kwantar da yaron, a bayana na goya shi har likitar Buza. Rigar lakkwal, wato makarantar boko, da abincinsa, duk daga rijiyar albasa suka fito, ina jan ruwa har tafin hannuna ya tsage.

Na biyu. Bana da kaka, ƙannen Illiyasu suka zo da jaki ɗauke da dami biyu na hatsi. Sai da suka kira maƙwabta suka tsaya, sannan suka jingine su a ƙofar gidanmu. Ban san ana neman shaidu kafin a ciyar da yaro ba! Mako bai zagayo ba sai ga sammaci: wai uba yana ciyarwa, yaro ya wuce shekara bakwai, al'ada ta ce a mayar da shi gidan ubansa. Shi uban yana Abijan har gobe. Gidan da za a kai Nasiru, awaki ne ke jiran mai kiwo.

Na uku. Ban taɓa hatsin nan ba. Na san in na sussuka ko zangarniya ɗaya, za a ce na karɓi ciyarwa, magana ta ƙare. Rumbunmu bai cika ba bana, amma na hana kowa kai hannu. Wallahi tsoro nake ji, kullum yaron ya tafi lakkwal sai na tsaya bakin hanya ina jiran dawowarsa.

Ban ce a raba shi da sunan ubansa ba, ubansa ne har gaban Allah. Roƙona shi ne a bar mini riƙonsa, a hana kowa ɗaukarsa ba da izininka ba. In Illiyasu yana son ɗansa, ya zo da ƙafarsa yaron ya san fuskarsa, a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. In ya ƙi, a cire hannunsa daga maganar riƙo baki ɗaya.

Ina kuma roƙo ka aiko a duba dami biyun nan. Suna nan inda aka jingine su, gara ta kama su daga ƙasa. Abin da ta ci na Illiyasu cikin wata ɗaya ya fi abin da ɗansa ya ci tun da aka haife shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kujerar nan, ya raya maka zuriya a gaban idonka.

Wassalam.

Rakiya, mahaifiyar Nasiru,
Tama.