Kwalbar Samin da Na Ɓoye wa Inna

Talata da dare, Gadarif

Yau na kai Inna wajen daktora, likitar da ke duba ta, na dawo da kunya. Tana sauke ta daga sikeli, ganin yadda ta rame, ta dube ni ta ce, "Me kike ba Hajja ne?" Na faɗa mata har da alfaharina: wata bakwai ke nan, tun da hawan jini ya kama ta, na raba ta da samin, wato man shanu. Nonon da ake kawo mana daga garin Showak ma sai na kaɗe shi na tsame man, tsala kawai take sha.

"Ragewa na ce, ba hanawa ba," in ji daktora. Ashe akwai maiƙo a madara da waken suya wanda jiki ke gina kansa da shi, har ƙwaƙwalwa. Ni kuwa duk maiƙo guba na ɗauke shi.

A cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, muna komawa gida Inna ta ce, "Ai na san kwalbar tana bayan buhun dawa. Na ga don ni kike yi, shi ya sa na yi shiru."

Da magariba na zuba mata cokali guda na samin a asida, tuwonmu na dawa. Loma biyu ta yi ta wanke hannu.

"Kalas, ya isa, Zainabu. Bakina ya manta shi."